Ranar da Na Makara Kunna Maganaɗisu

Masu cika min akwatin saƙo da "lafiya kika yi shiru?", na gani, na gode. Ba lafiya ba. Amma kafin in faɗa muku abin da ya faru sai na shigar da ku ɗakin gwajinmu tukuna, don idan ba ku san tanderuna ba, ba za ku gane abin da ya zaunar da ni a kan tayil ranar Asabar da rana tsaka, da farar rigar aiki a jikina, ina kuka kamar wadda aka aiko wa da rasuwa ba.

Shekarata huɗu ina digiri na uku a kan abu guda: amoniya, uwar takin zamani. Da iska biyu ake haɗa ta, naitirojin da haidirojin. Ita naitirojin ɗin nan miskila ce ta ƙarshe, ba ta kula kowa. Sai an zuba garin ƙarfe a cikin bututu an gasa shi, shi ne zai riƙo ta, ya raba ta, ya haɗa ta da ɗayar, sannan ya saki. Garin nan shi muke kira katalis. In ya damƙe da yawa ba ya saki, in ya riƙe sako-sako ba ya rabawa. To kun san ƙarfe da maganaɗisu ba a shiga tsakaninsu. Tambayata ɗaya ce: idan na kewaye bututun da maganaɗisu, riƙon da garin yake yi zai canja? Amoniya za ta ƙaru?

Ta ƙaru. Wata bakwai ina maimaitawa, a zafi guda, digiri ɗari huɗu, duk ranar da na kunna maganaɗisu sai ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Farfesa, malamar da ke duba aikina, matar da ba ta taɓa ce wa ɗalibi sannu ba, ranar da ta ga lambobin sai da ta cire gilashinta ta dafa kafaɗata. Aka sa min ranar kare kundina, Alhamis ɗin nan da ke tafe.

Wanda ya naɗa min maganaɗisun shi ne Injiniya. Shi ke gyaran na'urorin sashenmu. Sati uku ya yi yana naɗa wayar tagulla da hannunsa har yatsunsa suka yi kanta, ni kuma ina riƙe masa bakin wayar ina ƙirga zagaye. A wajen ƙirgan nan ne muka ɓata lissafi. Shekara uku kenan yana jirana. Abba ya ce ba maganar aure sai na gama, mahaifiyar Injiniya kuma ta aiko wata biyu da suka wuce cewa ita fa ta gaji da jiran mai karatu, in wannan watan da muke ciki ya wuce ba a tsayar da rana ba, ɗanta ba gwauron kowa ba ne.

Kun ga ke nan komai nawa a kan Alhamis yake rataye.

Ga yadda nake aiki kullum, ku riƙe wannan. Ƙarfe bakwai na safe in shiga, in fara kunna maganaɗisu, sannan in kunna tanderu yana sanyi, in tafi koyar da 'yan aji ɗaya. Bayan awa biyu in dawo in tarar allo ya tsaya cak a ɗari huɗu. Haka Farfesa ta tsara, haka na rubuta a kundi, ban taɓa saɓawa ba.

Sai ranar Asabar.

Na shirya zan je in yi gwaji na ƙarshe, don kawai in ɗauki hoton da zan nuna ranar Alhamis. Na sa doguwar riga ruwan toka, ina ɗaura mayafi a gaban madubi, sai ga Yaya ta banko ƙofa da leda biyu ƙato-ƙato.

"Hajiya Amoniya, ina zuwa da sassafen nan?"

"Aiki, Yaya."

"Ran Asabar? Ke dai Allah Ya yaye miki. Zauna ki zaɓi yadi, mai shago ya ce in mayar masa kafin azahar."

Ta zazzage su a kan gadona, a kan takarduna. Ruwan zuma, shuɗi mai duhu, wani ja mai ƙyalli da ko kyauta ba zan sa ba.

"Ba a ma tsayar da rana ba fa."

"Ranar Alhamis za ki gama, Juma'a manyansa za su zo, me ya rage? Ko so kike sai kin yi digiri na huɗu? Umma! Zo ki ji 'yarki!"

Umma ta leƙo da tsintsiya a hannu. "Ni na gaji da magana. Sa'anninta duk da goyo, ita tana goyon bututu."

Suka yi dariya, ni ma na taya su, don na saba. A gidanmu ba wanda ya taɓa tambayata yaya aikin yake. Tambayar kullum ita ce yaushe zai ƙare.

Na nuna ruwan zuman don a sake ni. Sai ƙarfe tara saura na isa.

Ba kowa a benen. Ranar Asabar ɗakin gwaji ba ka jin komai sai gurnanin firij da fankar zuƙe iska. Na sa farar rigata, na duba tukwanen gas, na kunna tanderu, wayata kuma ba ta daina kuka ba. Yaya ta buɗe sabon guruf, ta sa masa suna da hoton zobe, ta zuba 'yan uwa talatin a ciki. Na zauna a kan doguwar kujera ina amsa "amin" ɗaya bayan ɗaya. Injiniya ma ya turo:

*Dakta, kin karya kuwa? Ko yau ma iskar gas za a sha?*

*Na sha shayi.*

*Saura kwana biyar. Ni ƙirga nake kamar fursuna.*

Na tura masa fuskar dariya. Sai da na ɗago kai, bayan kusan awa biyu, na ga ƙaramar koriyar fitilar maganaɗisu a kashe. Na manta ban kunna ba. Tanderu ya riga ya kai ɗari huɗu.

Na ja tsaki, na ce ba komai, hoto kawai nake so. Na miƙa hannu na danna makunnin, idona a kan allo.

Ɗari huɗu ta koma ɗari uku da saba'in da takwas.

Ba a hankali ba. Kafin ƙiftawar ido.

Na tsaya da yatsana a kan makunnin. Ku da kuka taɓa sauke tukunya daga wuta kun sani, ƙarfe ba ya hucewa haka. Na kashe. Ɗari huɗu. Na kunna. Ɗari uku da saba'in da takwas. Na kashe, na kunna, na kashe, na kunna, kamar yarinyar da ta samu abin wasa. Da na bar shi a kunne, sai na ji tanderun ya ɗauki ƙara, yana ƙara wuta don ya mayar da lambar inda aka ce masa. Cikin minti goma sha biyar allo ya koma ɗari huɗu, ya tsaya lafiya lau, kamar yadda nake tarar da shi kullum.

Akwai wata siririyar sanda da ke shiga cikin bututun, ita ke auna zafi ta gaya wa tanderu. Wayarta ta bi ta jikin naɗin tagullar nan. Da zarar wuta ta shiga naɗin sai ta rikita sandar, ta faɗi ƙasa da gaskiya. Shi kuma tanderu bawan Allah, abin da aka gaya masa yake bi.

Na je bencin wani ɗalibi na zaro tasa sandar mai rufi, na zura ta ta ɗaya bakin bututun, nesa da naɗin. Ɗari huɗu da ashirin da biyu.

Ban yi kuka a lokacin ba. Na kashe maganaɗisu gaba ɗaya, na sa tanderu a ɗari huɗu da ashirin da biyu da hannuna, na buɗe gas, na zauna ina jira. Awa uku. Ban ci komai ba, ban taɓa waya ba. Da sakamakon ya fito, amoniya ta ƙaru da kashi ɗaya cikin uku, babu maganaɗisu babu dalilinsa.

Zafi ne kawai. Wata bakwai ina gasa garina fiye da yadda nake rubutawa, ina ba maganaɗisu lada. Da sau ɗaya na taɓa kunna shi tanderu na da zafi, da tun watan farko na gani.

Nan ne na sulale ƙasa. Na duba wayata ina neman wanda zan kira. Guruf ɗin Yaya saƙo ɗari da goma sha huɗu, ana gardama a kan kalar ɗankwali. Ƙawayena na makaranta duk sun watse, wadda ta fi kusa da ni rabon da mu yi magana tun haihuwarta ta biyu. Mutum ɗaya ne a duniya zai gane abin da zan faɗa ba sai na yi bayani ba.

Cikin minti ashirin Injiniya ya iso, da rigar aikinsa mai maiƙo a hannu da jakar kayan gyara. Ya gan ni a ƙasa ya yar da jakar.

"Subhanallahi! Gas ne? Kin ƙone?"

Na tashi. Na mayar da tanderu yadda yake, na kama makunnin. "Kalli allo."

Na danna. Lambar ta faɗi.

Na juyo ina jiran in ga ya zaro ido, ya riƙe kai, ya yi salati. Bai kalli allon ba ma. Takalminsa yake kallo.

Wallahi da mari ya kai min da ya fi min sauƙi.

"Injiniya."

"Na'am."

"Ka sani?"

Ya shafa ƙeya. "Dakta, zauna mu yi magana."

"Kar ka ƙara ce min Dakta. Ka sani?"

"Ranar da na zo canja miki makunni. Kina aji. Na gwada shi tanderu na kunne, na ga lambar ta yi tsalle."

Na ƙirga a raina. "Wata huɗu kenan."

"Na so in faɗa miki, Allah Ya sani. Na fito neman ki, sai na haɗu da ke a matakala kina gudu, kina ce min Farfesa ta ce a fara rubutu. Shekara uku ban taɓa ganin haƙoranki a waje haka ba. Na ce bari gobe. Goben kuma Hajiyarmu ta fara nata."

"Sai ka bar ni ina tara ƙarya shafi ɗari biyu."

"Ba ƙarya kika yi ba, abin da kika gani kika rubuta. Kuma wa ya ce maganaɗisun ba ya komai? Wataƙila yana yi kaɗan, zafin ne ya rufe shi."

"Wataƙila. In tsaya gaban malamai biyar in ce musu wataƙila?"

Ya matso, ya rage murya duk da ba kowa a benen. "Ji nan. Minti goma zan janye wayar nan in sa mata rufi, ba wanda zai taɓa sanin ta bi ta nan. Ki kare kundinki ranar Alhamis. Bayan biki ki dawo ki sake gwajin a nutse, in akwai gyara ki gyara. Wa aka cuta?"

"In wani ya karanta ya gina nasa aikin a kai fa?"

"In kika faɗa yanzu shekara nawa za su ƙara miki?"

"Ɗaya. Ko biyu."

"To ni ba ni da ɗaya. Kin san Hajiya. Ni na jira, ban taɓa ƙorafi ba, ko na taɓa? Sau ɗaya dai a rayuwa ki zaɓe ni a kan bututun nan."

Idanunsa sun kaɗa. Kuma kar ku ce mugu ne, ba mugu ba ne. Mutumin da ke kawo min abinci a kula har bene na uku ranar da na manta da cikina. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, wata huɗun nan duk lokacin da na zauna ina zuba masa surutun sakamakona, yana gyaɗa kai yana murmushi, ashe ni kaɗai nake cikin murnar.

Ya durƙusa zai buɗe jaka. Na ce, "In ka taɓa wayar nan, ni da kai har abada."

Ya ɗauki jakarsa ya fita. A bakin ƙofa ya ce, "Ki yi tunani dai."

Da la'asar na koma gida. Abba yana zaune a baranda da rediyonsa. Shekara talatin ya yi yana sayar wa manoma taki kafin ƙafa ta zaunar da shi, kuma shi kaɗai ne a gidan yake alfahari da ni, duk da bai san me nake yi ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa min.

"Uwata, zo nan. Sake maimaita min abin nan, abokaina za su zo ranar Juma'a kar in kwafsa. Mayen ƙarfe ne ke sa garin ya yi me?"

"Ya canja riƙo, Abba."

"Yawwa, riƙo. Sai taki ya yi araha." Ya yi dariya yana buga sandarsa a ƙasa. "Na gaya musu, duk buhun da na taɓa ɗagawa, 'yata ce za ta rama min. Na ma sa an wanke babbar rigata, da ni za a je ranar Alhamis. Ana barin iyaye su shiga ko?"

"Ana bari."

"Idonki ya yi ja."

"Hayaƙin gwaji ne."

"Sannu. An kusa."

Na shige ɗaki. Yadin ruwan zuma yana ninke a kan matashina, Yaya ta manna masa takarda: *na amarya, kar a taɓa*. Na ture shi gefe na kwanta da takalmina. Ta bango ina jin Umma a waya tana gaya wa ƙanwarta yawan kujerun da za a ɗauko.

Lahadi Injiniya ya turo saƙo bakwai. Na farko *ki yafe min*. Na huɗu *Hajiya ta tambayi kalar da kika zaɓa*. Na ƙarshe *duk abin da kika yanke, ki fara gaya min kafin kowa*. Ban amsa ko ɗaya ba. Shi ya fara gaya min ne?

Jiya Litinin ƙarfe takwas ina ƙofar ofishin Farfesa da takarda ɗaya a hannu: lambobin sanda biyu gefe da gefe, da sakamakon Asabar a ƙasa. Na same ta tana shan ruwan zafi, jan biro a bayan kunne.

"Ke kuma fa? Ba shiri ya kamata kina yi ba?"

Na ajiye takardar a gabanta. Na bar lambobin su yi magana. Ta sa gilashi. Ta karanta daga sama har ƙasa, ta koma sama. Kofin da ke hannunta ta ajiye shi a hankali kamar mai gudun tada jariri. Ni kuwa wani sanyi na ji yana sauka a ƙirjina, na ce yau dai na samu wanda zai kama min kayan nan. Ko da za ta zage ni, ta kore ni, ta ƙara min shekara biyu, duk na yarda.

"Rufe ƙofa," ta ce.

Na rufe.

"Ban da ni da ke, wa ya ga wannan?"

Na kawar da kai. Ta dube ni ta saman gilashi, ba ta matsa ba.

"Kin san takardarmu ta riga ta tafi mujalla da sunana a kai? Kin san shugaban jami'a da kansa ya ce zai leƙo ranar Alhamis? Na gaya wa mutane da bakina, a taro."

"Na sani, Farfesa. Shi ya sa na ce gara…"

"Gwaji ɗaya ne wannan. Ranar hutu, ke kaɗai, da sandar aro." Ta ja aljihun tebur, ta saka takardata a ciki, ta murɗa makulli, ta jefa shi a jakarta. "Wata bakwai ba ya rushewa da wuni ɗaya. Bayan kin kare sai mu duba, a tsanake."

"Amma in suka tambaye ni…"

"Ba wanda zai tambaye ki wayar sanda. Je ki turo min shafukan da za ki haska, kafin ƙarfe huɗu. Ina so in ga kowanne." Ta ciro jan biron daga bayan kunne ta jawo wani kundi. "Kuma ki samu barci, kin yi zuru-zuru."

Na fito. Dogon barandan nan cike da ɗalibai, ana ta gaishe ni, wata ma ta ce "Dakta in sha Allah!" Na amsa. Na shiga ɗakin gwaji na zauna gaban tanderuna da ke kashe, na daɗe ina kallonsa. Mutum biyu ne kaf duniya suka san abin da na sani, kuma duka biyun abu ɗaya suka ce min.

Na buɗe kwamfuta. Shafi goma sha shida na shirya tun makon jiya, masu kyau, da zane mai launi. Ƙarfe huɗu saura kwata na tura mata su. Ta amsa da kalma ɗaya: *Madalla.*

Sannan na buɗe sabon shafi fari. Ta kulle takarda, amma lambobin suna cikin littafin aikina da rubutun hannuna. Na jera su, sanda biyu gefe da gefe. A sama na rubuta da manyan baƙaƙe: ABIN DA NA GANO RANAR ASABAR. Sai da na gyara kalmar ƙarshe sau uku.

Yau Talata. An kawo babbar rigar Abba daga wanki, tana rataye a ƙofar ɗakinsa cikin leda. Injiniya ya turo *kin yanke?* ban buɗe ba. Farfesa tana da shafi goma sha shida.

Na goma sha bakwai yana cikin jakata, kuma shi zan fara haskawa.